Horo Cikin Ƙauna: Jawabi ga Iyaye a Sansanin Minawao

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin fastocin sansaninmu ya yi wa iyaye bayan sujadar Lahadi. Mun buga shi domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

 Ina gaida maƙwabtanmu Musulmi da suka zo suka zauna tare da mu. A famfo ɗaya muke ɗiban ruwa, makaranta ɗaya 'ya'yanmu suke zuwa, saboda haka maganar yara ta shafe mu duka. 

Dattawa ne suka ce in yi magana a kan horon yara a cikin gida, domin koke-koke sun yi yawa. Uwa ta zo ta ce ɗanta ba ya jin magana. Uba ya zo ya ce ya doki nasa har hannunsa ya gaji, yaron bai canza ba. Malaman makaranta kuma suna ganin yara da shatin bulala a baya, wasu da kumburin fuska. Don haka tambaya ɗaya nake so kowannenmu ya koma da ita ɗakinsa yau: in na ɗaga hannu a kan ɗana, gyara shi nake yi, ko haushina nake hucewa?

Bari mu fara da inda muke. An buɗe wannan sansani a 2013. A watan Agusta na 2014 aka ci garin Gwoza, mutane suka kwararo ta kan duwatsu, daga Ngoshe, da Ashigashiya, da Kirawa, da Pulka, wasu kuma daga Banki da Bama. A gida, ba uwa da uba kaɗai ke renon yaro ba. Akwai kaka, akwai kawu da gwaggo, akwai maƙwabcin da zai kwaɓe shi a hanya. Gona ma tana koyarwa. Yaro yana bin babansa kan dutse yana koyon jera duwatsu don tare ƙasa, yana kiwon awaki, ya dawo da yamma a gajiye ya ci tuwo ya kwanta. Yanzu gonar ba ta hannunmu. Dangi sun watse, wasu suna Maiduguri, wasu Yola, wasu Abuja, wasu kuma mun bar su a kabari. Uba yana wuni a zaune ba aikin yi. Abincin rabo yana ƙarewa wata bai ƙare ba. Uwa ta tsaya layin ruwa tun da asuba, ta dawo ta tarar yaro ya zubar da ɗan garin da ya rage. Dukan da yaron zai sha a ranar, kaɗan ne na garin. Sauran na yunwa ne, da na gidan da aka ƙone, da na ɗan'uwan da aka kashe. Hausawa suka ce an bar jaki ana dukan taiki. Yaron nan ba shi ya kore mu daga gida ba.

Wasu kuma cewa suke yi a bari sai mun koma gida a gyara yaran. Ku tuna da wasiƙar da annabi Irmiya ya aika wa mutanen Yahuza da aka kwashe zuwa Babila, tana cikin sura 29 ta littafinsa. Akwai masu ce musu zaman ba zai daɗe ba. Irmiya ya gaya musu zai kai shekara saba'in, ya ce su yi gini, su yi shuka, su yi aure su haihu, su kuma nemi lafiyar garin da aka kai su. Mu ba mu san ranar komawarmu ba, tana hannun Allah. Amma yaron da aka haifa a shekarar da aka buɗe sansanin nan ya wuce shekara goma, bai taɓa ganin dutsen Gwoza da idonsa ba. Nan ne gidan da ya sani, kuma a nan halinsa yake ginuwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, me Littafi Mai Tsarki ya koya mana? Da farko bai yarda da sakaci ba. Eli firist ne, amma 'ya'yansa Hofni da Finehas suka lalace a gabansa. Ya yi musu magana sama-sama, bai hana su ba, suka mutu rana ɗaya a bakin yaƙi. Sarki Dawuda ma, a farkon littafin Sarakuna na fari an gaya mana bai taɓa tsayar da ɗansa Adonija ya tambaye shi dalilin abin da yake yi ba, yaron ya girma ya nemi ƙwace sarauta. Saboda haka kada wani ya fita daga nan ya ce fasto ya ce a ƙyale yara su yi abin da suka ga dama. Wanda ya ga ɗansa yana bin masu shan Tramol ya kau da kai, bai ƙaunace shi ba.

Sai dai Littafin da ya hana sakaci shi ne kuma ya ja wa iyaye kunne. Duk mun haddace farkon sura 6 ta wasiƙar Afisawa, inda aka umarci yara su yi wa iyaye biyayya. Muna son karanta wa yara wannan. Mu ci gaba zuwa aya ta 4. A nan manzo Bulus ya juyo kan ubanni, ya gargaɗe su kada su riƙa tunzura yara har zuciyarsu ta cika da fushi, ya ce renon da ake bukata shi ne na koyarwa da jan kunne irin na Ubangiji. A Kolosiyawa 3:21 ya ba da dalili: yaron da ake matsa wa kullum, zuciyarsa takan karaya. Ku lura, a zamanin mulkin Romawa ya rubuta wannan, lokacin da doka ta ba uba iko kusan a kan komai na ɗansa. Duk da haka bai ji tsoron gaya wa ubanni cewa ikonsu yana da iyaka a gaban Allah ba.

Na san abin da ke ran wasunku. Za ku ce, ai littafin Karin Magana ya yi maganar sanda. Gaskiya ne, ya yi, a sura 13, da 22, da 23, da 29, ba kuwa zan ɓoye muku ba. Amma ku duba abin da ayoyin suke nema: a ceci ran yaro daga hanyar hallaka, a yi shi kuma saboda ƙauna. Ba inda aka ce a farfasa wa yaro jiki don an tashi da ɓacin rai. Ku tuna kuma da Zabura 23, inda Dawuda ya ce sandan makiyayi ne yake kwantar masa da hankali. Da yawa a cikinmu mun yi kiwo. Makiyayi da sandansa yake korar kura, da shi yake tare tunkiya in ta nufi gonar mutane, da shi yake nuna hanya. Makiyayin da ya karya ƙafar tunkiyarsa da sanda, kansa ya yi wa asara.

Akwai kuma abin da ya kamata mu sani game da yaranmu musamman. Manyan cikinsu sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Wasu a gabansu aka kashe mutum, wasu sun ga ana yi wa mutane bulala a bainar jama'a, wasu sun kwana a kogon dutse ana toshe musu baki kada su yi kuka. Ƙananan da aka haifa a nan kuma sun sha tsoron a nonon uwa, sun ji shi a hirar dare. Irin wannan tsoro ba ya fita da baki, a jiki yake fita. Yaro mai shekara tara ya koma fitsarin kwance. Wani ya riƙa firgita cikin barci. Wani in ya ji ƙarar babur sai ya ruga ya ɓuya. Wata yarinya ta daina magana, wani yaro kuma ya zama mafaɗaci, kullum yana dambe a makaranta. Wannan ba iskanci ba ne, ciwo ne. Duka ba ya warkar da fitsarin kwance, ƙara shi yake yi, domin tsoro ne ya kawo shi. Yaron da ya tsere wa masu bindiga, in ya shigo ɗaki ya tarar da dorina tana jiransa, ina kuma zai gudu?

Don haka shawarata gare ku ita ce ku ajiye bulala. Wasu abubuwa kuma ba shawara ba ce, hani ne. Kada a mari yaro a kunne, mari ɗaya yana iya fasa dodon kunne. Kada a doke shi a kai. Kada a girgiza jariri don ya ƙi yin shiru, hakan yana iya lalata masa ƙwaƙwalwa ko ya kashe shi. Kada a ƙona wa yaro hannu don ya ɗauki kuɗi, kada a sa masa barkono a ido ko a gaba, kada a ɗaure shi, kada a kore shi waje da dare. Kada kuma a hana shi abinci, abin da muke samu ma bai ishe shi ba. Ubangiji Yesu ya yi magana mai nauyi a Matiyu sura 18 a kan wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe, har ya ambaci dutsen niƙa da zurfin teku. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta hana dukan ɗalibai a makaranta, kuma Kamaru da Najeriya duka sun amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989.

Za ku tambaye ni, in an ajiye bulala, da me za a yi horo? Ga abin da nake ba ku.

In yaro ya yi laifi ranka ya ɓaci, kada ka yanke hukunci a lokacin. Ka fita ka zaga, ki ɗauki jarka ki je famfo ki dawo. Yakubu a wasiƙarsa ya koya mana mu riƙa saurin saurare, mu yi jinkirin magana da fushi, domin fushin mutum ba ya haifar da abin da Allah yake so. In zuciya ta sauka, ka kira yaron gefe, ba a gaban abokansa ko a layin rabo ba. Ka zauna, ka dube shi, ka tambaye shi abin da ya faru. Sau da yawa za ka tarar wanda ya ƙi zuwa makaranta wani ne yake tare shi a hanya, ko kuwa kunyar yagaggen wando yake ji.

Sa'an nan hukuncin ya dace da laifin. Wanda ya fasa jarkar maƙwabciya da wasa, ya ɗebo mata ruwa na kwana uku. Wanda ya ɗauki abin wani, ka riƙe hannunsa ku je tare ya mayar, ya ba da haƙuri da bakinsa. Wanda ya wuce lokacin dawowa gida, gobe ba zai fita ƙwallo ba. Irin wannan horo ya fi bulala wuya a wurin iyaye, domin yana cin lokaci, amma yana koya wa yaro cewa abin da ya ɓata shi zai gyara. Bulala kuwa abin da take koya masa shi ne ya iya ɓoye laifi, ya kuma doki wanda ya fi ƙarfi.

Dokokin gida su zama kaɗan, kowa ya san su, kuma su tsaya. In yau an hana, gobe an ƙyale, jibi an yi duka, yaro ba zai san inda iyaka take ba. Baba da mama ku shirya bakinku tun kafin ku fito. In kuna da saɓani ku yi shi a ɗaki, kada ɗaya ya hana ɗaya ya ba da izini. In kuma an gama hukunci, an gama. Kada a riƙa tono laifin bara. Ka kira shi ku ci abinci tare, ya san laifinsa aka ƙi, shi ba a ƙi shi ba.

Yanzu maganar baki. Shatin bulala yakan baje cikin mako biyu, amma akwai manya a nan masu furfura da har yau suna tuna wata kalma da aka gaya musu suna yara. Ana ce wa yaro ɗan banza, ana ce masa ba zai yi albarka ba. Har na ji ana kiran yaro mai rashin ji da sunan mutanen da suka kore mu. 'Yan'uwana, wannan bai kamata ya fito daga bakin mai bi ba. Magana zarar bunu ce. In ka yi ta gaya wa yaro shi ɓarawo ne, wata rana zai yarda da kai. Ka ce masa abin da ya yi ba daidai ba ne, ka gaya masa abin da kake so ya yi a maimakonsa, ka tsaya a nan.

Horo kuma rabi ne kawai na aikin. Ɗaya rabin shi ne ƙarfafawa, kuma a nan ne muka fi gazawa. Mun iya ganin laifi daga nesa, amma yarinya ta share tsakar gida, ta goyi ƙaninta, ta wanke tukunya, ba wanda ya ce mata sannu. Muna tsoron kada yabo ya sa yaro girman kai. To ku duba Matiyu sura 3. A kogin Urdun, tun Yesu bai warkar da kowa ba, bai fara wa'azi ba, Uba ya shaida a fili cewa wannan Ɗansa ne abin ƙaunarsa, yana kuma jin daɗinsa. In Allah bai ji nauyin faɗin haka ba, mu me zai hana mu? Ku tuna kuma da Yohanna Markus. Ya bi Bulus da Barnaba tafiyar bishara, ya gudu ya bar su a Bamfiliya. Da za a sake tafiya Bulus ya ƙi ɗaukarsa. Barnaba, wanda manzanni suka ba shi wannan suna saboda halinsa na ƙarfafa mutane, ya ɗauke shi suka tafi Kubrus. Bayan shekaru, Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus domin yana da amfani a gare shi. Yaron da kake gani kamar ba zai yi kirki ba, wataƙila Barnaba ɗaya yake jira, kuma ya fi kyau ya same shi a cikin gidansu.

Ƙarfafawa ba ta bukatar kuɗi. Ka faɗi ainihin abin da yaron ya yi: na ga yadda ka raba wa ƙanwarka ƙosai, na ji daɗi. Ko ba ka iya karatu ba, ka ce ya buɗe littafinsa ya nuna maka abin da aka koya musu yau. Ki ba 'yarki labarin garinku, da sunan kakanninta, ki koya mata yarenku. Ka ba ɗanka ɗan wuri a bayan ɗaki ya shuka kuɓewa ko yakuwa, abin ya zama nasa. Kafin a kwanta ku yi addu'a tare, ka ɗora hannu a kan kowane yaro ka ambaci sunansa a gaban Allah. Hannun da ya saba ganinsa a ɗage, bari ya ji shi a kansa da albarka.

Ina da magana ta musamman ga masu riƙon marayu. Gidaje da yawa a nan akwai ɗan wa, ko 'yar ƙanwa, ko yaron da aka tsinta a hanya. Allah ya sāka muku. Amma kada ya zama shi ne mai ɗebo itace a daji naku suna makaranta, shi ne na ƙarshe a kwano, shi ne na farko a duka. Esta marainiya ce a ƙasar bauta, Mordekai ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa, ta wurinta kuma Allah ya ceci jama'arta. Ko tsakanin 'ya'yan ciki ma, mun ga abin da fifiko ya jawo a gidan Yakubu, har 'yan'uwa suka sayar da Yusufu. Ku kuma iyayena mata da kuka rasa mazajenku, da kakannin da ke riƙe da jikoki, kada ku ce ba namiji a gida don haka yaran ba za su ji ba. Bangaskiyar Timoti daga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ta fito. Mu maza na ikilisiya kuma, ɗa na kowa ne. In za ka je aiki ko kasuwa, ka ɗauki ɗan gwauruwar da ke kusa da kai tare da naka.

Game da 'yan mata, aurar da yarinya mai shekara goma sha huɗu don a rage baki a kwano, ko don ana tsoron kada ta lalace, ba tarbiyya ba ce. Jikinta bai isa haihuwa ba, karatunta kuma ya tsaya ke nan. Ku bar ta a makaranta, ku zauna da ita ku yi magana.

Maza, ku saurare ni da kyau. Matarka ba yarinyar da za ka hora ba ce. Bulus ya ce mu ƙaunaci matanmu kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya, kada mu yi musu ɗaci. Ɗaki ɗaya muke kwana da yara, bangonmu kuma ba ya ɓoye murya. Yaron da ya ga babansa ya sayar da abincin rabo ya sha burukutu, ya dawo ya doki mamarsa, ya riga ya koyi darasi, kuma ba wa'azin da zai goge shi da sauƙi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ban faɗi waɗannan don in ƙara muku kaya ba. Na san akwai wanda ba ya barci, akwai wadda in ta rufe ido ranar nan take gani. In ka ga fushinka ya fi ƙarfinka, ka zo wurin fasto ko dattijo, ke kuma ki je wurin shugabannin zumuntar mata. A asibitin sansani akwai ma'aikatan da ke sauraron masu ciwon zuciya irin wannan, manya da yara, kuma zuwa wurinsu ba rashin bangaskiya ba ne. In kuma ka ji ana azabtar da yaro a maƙwabta, kada ka ce ba ruwanka. Ka yi wa mai gidan magana a asirce. In bai ji ba, ko ka ga yaron yana cikin haɗari, ka gaya wa shugaban unguwa ko ma'aikatan kare yara.

Waɗanda suka daɗe a nan sun tuna yadda wurin nan ya zama fili fetal bayan an sare itatuwa don girki. Da hukumar 'yan gudun hijira da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka kawo aikin dashe, da yawa cikinku kun shiga. Kun san abin da ɗan dashe yake bukata: ƙaya a kewaye don kada akuya ta ci, da ruwa a gindi. Wanda aka kewaye ba a ba shi ruwa ba ya bushe, wanda aka ba ruwa ba a kewaye ba akuya ta cinye. Yau muna zama a inuwar waɗanda suka sami duka biyun. Haka yaro yake da horo da ƙarfafawa.

Aikin da nake ba ku na wannan mako kaɗan ne. Kowane yaro da ke gidanku, naku da na riƙo, ku nemo abu ɗaya mai kyau da ya yi kowace rana, ku gaya masa. In kuma hannu ya tashi, ku tsaya ku yi wa kanku tambayar nan: gyara ne, ko haushi? Ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada za mu sake zama, mai tambaya ya kawo.

Allah na salama ya warkar da zukatanmu, ya ba mu haƙuri da 'ya'yanmu kamar yadda yake haƙuri da mu, ya tsare su a ƙasar baƙunci, ya kuma mai da mu gida lafiya a lokacinsa. A cikin sunan Yesu, amin.